Gidan Wa Ka Sauka?

'Ya'yana da jikokina, samarin Dareta da na ƙauyukan da ke kewaye da mu, Allah Ya yi muku albarka. Azumi ya raba tsakiya, teloli sun daina karɓar ɗinki, yara suna ta tashe da dare, kuma na ji kuna lissafin inda kowa zai yi yawon Sallah. Wasu Anka za su, wasu Gummi, masu ɗan abin hannu kuwa idonsu na kan Kano ko Katsina. Kafin ku watse ina so mu yi magana a kan baƙo, wanda za ku tarar a can da wanda zai tarar da ku a nan, domin ina ganin wani abu a fuskokinku da ban saba gani a fuskokin iyayenku ba.

Mutum zai sauka daga kan mashin ranar kasuwa, ba a san shi ba, sai majalisa ta yi tsit. Ba mai cewa sannu da zuwa. Ana kallonsa ta wutsiyar ido, ana lura da yadda yake latsa waya, can sai wani ya yi ƙasa da murya ya ce, "Wannan kam infoma ne." In kuwa baƙon ya zo cikin mota mai tsada, ko farar fata ne, ko yana rataye da kyamara, sai lissafi ya juya. Ruwan leda ya ƙara kuɗi nan take, ɗan kabu-kabu ya ninka farashi, yara su bi shi a baya suna "Bature, ba ni kuɗi." Tsoro ya kawo na farko, kwaɗayi ya kawo na biyu, kuma kowannensu ya hana ku yi wa mutum tambayar da kakanninku ke fara yi wa duk wanda ya shigo gari.

Ban ga laifinku a kan tsoron ba. A cikinsa kuka tashi. Kun ga an hana haƙar ma'adinai a jihar nan a watan Afrilun 2019 saboda ɓarayin daji. Kun ga watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako, mutum bai san halin da ɗan'uwansa ke ciki a ƙauyen gaba ba. Kun ga farkon Janairun 2022, da aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum aka yi ta jana'iza. Kun kuma san cewa ɓarayin ba sa shiga gari sai da wanda ya nuna musu gidan da aka sayar da shanu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai dai ku tuna, sau da yawa mai kai rahoton nan ɗan gari ne da aka sani, ake gaisawa da shi kullum. Baƙon da kuka ɗaure wa fuska kuwa wataƙila malamin makaranta ne aka turo, ko mai neman gidan surukansa.

Mutanen da ma ba su rasa abin tsoro ba. Sun ga yaƙi, sun ga 'yan fashi a hanyoyin fatake, sun ga yunwa. Duk da haka sun san yadda za su haɗa karamci da tsantseni a wuri guda. Matafiyi ya iso da almuru, masallaci yake nufa. Bayan lisha za a ga mutum zaune shi kaɗai da ƙullin kayansa, sai liman ko wani dattijo ya matsa kusa. A gaisa tukuna, gaisuwa mai tsawo, a tambayi gajiya da mutanen gida. Yaro ya kawo ruwa a moɗa da buta. Kwanukan tuwo su fito daga gida biyu ko uku. Sai ya ci ya wanke hannu sannan a ce, "Malam, daga ina aka fito? Ina aka nufa? Gidan wa ka sauka?" In yana da masauki a haɗa shi da yaro ya raka shi. In ba shi da shi, wani magidanci ya ce ya zo zaurensa. Da safe kuma mai masaukin ya sa shi gaba zuwa ƙofar mai gari, ya ce ga baƙona, sunansa wane, ga abin da ke tafe da shi.

Daga wannan lokaci baƙon ya sami uba a gari. Wanda ya cuce shi, mai masaukinsa ya cuta. In shi ya yi ɓarna, mai masaukin za a kira. Addini ya ba shi haƙƙin liyafar kwana uku, kuma a cikin kwana ukun nan duk wanda ke cin abinci a zaurenka za ka san ko wane iri ne. Haka fataucinmu ya tsaya da ƙafafunsa ɗaruruwan shekaru. Bahaushe ya kora jakuna har Salaga ta ƙasar Gwanja neman goro, ya sauka a zango wurin mai gida wanda zai ajiye masa kuɗi, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta tashi, ya karɓi la'adarsa. A kasuwannin shanu har gobe akwai fatoma. Ba wanda ya ƙirƙiro wannan tsari don nuna kirki kawai. An yi shi ne don gari ya buɗe ƙofa kuma ya kwana da ido biyu.

Mu a Dareta ba ma bukatar a je da nisa a nemo mana misali. Da yawanku kuna goye ko kuna rarrafe a 2010, wasunku kuma yayyenku na kwance a maƙabartar nan tun shekarar, don haka ya kamata ku ji labarin daga bakin na gida. Zuwa ƙarshen 2009 farashin zinari ya haura dala 1,000 kowace oza a kasuwar duniya. Masu saye suka yi ta shigowa, suna tsayawa a bakin rami ko gindin bishiya da ɗan ma'auninsu, su biya su tafi. Ba wanda ya tambaye su gidan da suka sauka, domin kuɗi suka zo da shi. Mutanenmu kuma suka riƙa kwaso dutse a buhu zuwa cikin gida. A farfasa da guduma, a kai injin niƙa, wani lokaci injin da ake niƙa hatsi, mata su daka a turmi, a shanya a tsakar gida inda yara ke wasa. Ba wanda ya san dutsen cike yake da dalma. Agwagi suka fara mutuwa ba a kula ba. Sai yara suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, a yi ta ba su maganin zazzaɓi ko na iska, kwana kaɗan a ɗauke su zuwa makwanci.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau, suka ji labarin mace-macen. Suka gwada maganin sanƙarau da na zazzaɓin cizon sauro bai yi ba, suka aika jini Turai, sakamako ya dawo cewa gubar dalma ce. A watan Mayu masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka bi gida-gida a nan da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A yankin baki ɗaya an ƙiyasta yara wajen 400 ne suka rasu.

Ku dubi yadda waɗannan baƙin suka shigo. Fada suka fara zuwa, daga fada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa mai gari. Sarakuna ne suka ba da umarnin a fitar da aikin dutse daga cikin gari, kuma da izinin masu gida aka shiga gidajen da namiji baƙo ba ya shiga. An buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, uwa ta kwana da ɗanta makonni ana ba shi maganin da ke fitar da dalma daga jini. Injiniyoyin kamfanin TerraGraphics na Amurka da ƙungiyar Blacksmith suka zo da na'urar hannu da ake dafawa a ƙasa ta nuna lamba. A wasu wuraren lambar ta haura 100,000, alhali a ƙasarsu a lokacin in ta wuce 400 a inda yara ke wasa ana ɗaukar wurin da haɗari. Samarin garin nan, iyayenku da kawunnanku, su aka ɗauka aiki. Suka kankare saman ƙasar ɗakuna da tsakar gidaje da fartanya, aka zuba a buhuna aka kai rami bayan gari aka binne, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. Dareta da 'Yargalma aka fara yi wa. Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru suka biyo baya, Bagega kuwa sai 2013. MSF ta zauna da mu kusan shekara 12, ta yi wa dubban yara magani, sai a farkon 2022 ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha.

A lokacin ma akwai masu zargi. Wasu sun ce Turawan zinarin suke so, wasu sun ɓoye mutuwar 'ya'yansu don gudun kada a hana haƙa. Da zargin ya yi rinjaye aka rufe musu ƙofa, wasu daga cikin masu karanta wannan takarda da ba su kai yau ba. Abin da ya kwantar da hankalin mutane shi ne an san wanda ya kawo su, an san inda suke kwana, an san wanda za a tambaya in sun yi ba daidai ba. Fatarsu ba ta sa an yarda da su ba, kamar yadda fatar wasu ba ta wanke su ba: a 2020 'yan sanda sun kama 'yan ƙasar Sin biyu a yankin Bukkuyum kan haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba.

To, mu koma kan biki, tunda shi ne a gabanku.

Wanda ya taɓa zuwa Argungu ya ga dubban masunta da homa da gora suna rugawa cikin kogin Matan Fada da zarar an ba da alama, kowa na neman giwan ruwa. Ba kowa ya san cewa karɓar baƙo ce ta haifi bikin a siffarsa ta yau ba. Kabawa da Sakkwatawa sun shafe kusan shekara ɗari suna gaba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa kamun kifi don girmamawa. Jikan abokan gaba aka yi wa wannan tarba, kuma daga ita bikin ya girma har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Bikin ya tsaya wajen shekara goma, rashin tsaro na cikin dalilai, aka farfaɗo da shi a 2020. Ku tambayi masu masauki da masu abinci da masu kwalekwale na garin abin da shekarun nan na rashin baƙi suka yi wa aljihunsu.

Hawan Sallar Kano shi ma ya shiga kundin na UNESCO a watan Disambar 2024, ko da yake rikicin sarauta ya sa an dakatar da shi a wasu Sallolin baya-bayan nan. In an yi, ranar Hawan Daushe za ku ga Ƙofar Kudu cike da jakadun ƙasashe da 'yan kallo, hakimai na jahi, 'yan lifidi da 'yan sulke na wucewa, kakaki da algaita na tashi. Washegari Hawan Nassarawa. Ku lura da kyau, za ku ga Turawa kaɗan ne a cikin baƙin. Mafi yawa Yarbawa ne da Ibo da mutanen Filato, da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da ƙauyawa irinku da suka kwana a tasha. A idon Bakano, kai ma da ka fito daga Dareta baƙo ne, har harshenka zai tona ka da ka buɗe baki.

In Allah Ya haɗa ka da mai yawon buɗe ido, a can ko a nan, ga abin da nake roƙonka. Ciniki halal ne. Ka sa wa kayanka kuɗi, ya taya, ka ce albarka, ku daidaita. Amma ka ce wa mutum kuɗin mota dubu biyar alhali ka san dubu ɗaya ne, don kawai bai san hanya ba, wannan ha'inci ne ko da an yi shi ana dariya. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma mai cutar makaho ba ya cikin waɗanda ake yi wa fatan gamawa lafiya. Ka hana ƙannenka binsa da roƙo. Yaron da ya saba miƙa hannu ga duk farar fata yana koyon wani abu game da kansa da zai yi wuyar gogewa, shi kuma baƙon zai koma gida ya ce abin da ya gani ke nan a ƙasar Hausa.

Kyamara kuma tana da nata haƙƙi a kanku. Mun ga 'yan jarida a 2010. Wasunsu sun yi sallama, sun nemi izini, kuma hotunansu ne suka sa duniya ta waiwaye mu. Wasu kuwa sun tsaya kan ƙananan kaburbura suna ɗauka, uwayen yaran na kallo. In ka ga baƙo ya ɗaga kyamara wajen matan mutane, ko wajen almajiri mai cin abinci, ko cikin maƙabarta, kada ka yi shiru don kunya, kada kuma ka fizge masa kaya. Ka matsa ka yi masa sallama, ka ce a nan ana tambaya kafin a ɗauka. Mafi yawansu ba su sani ba ne, za su ma gode maka. Sannan ka nuna masa abin da ya cancanci ɗauka: kwalliyar doki, marinar Ƙofar Mata, maƙera, 'yan dambe a fage. Ina so wata rana a ambaci Dareta a wani wuri a tuna da wani abu ban da dalma.

Akwai labarin da ba na son tunawa, amma dole ku riƙe shi. A ƙarshen Maris na 2025 wasu mafarauta suka taso daga Fatakwal a babbar mota za su gida Kano yin ƙaramar Sallah. A garin Uromi na jihar Edo 'yan sintiri suka tare su, suka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne. Jama'a suka taru, aka kashe 16. Mutanen garin su ma satar mutane ta dame su, su ma a tsorace suke. Ba a tsaya an nemi shugaban Hausawan wurin a tambaye shi ba, ba a bar hukuma ta bincika ba. Kalma ɗaya ta fito daga bakin wani, magana ta ƙare. Duk ranar da ka ji "infoma ne" na shirin fita daga bakinka a kan mutumin da ba ka bincika ba, ka tuna kai ma kana zuwa Legas da Ibadan da ramukan zinari na Neja da Osun, inda kai ne mai baƙuwar fuska. In ka je, ka fara neman Sarkin Hausawan wurin ka gaishe shi, ya san da zamanka.

Ban ce ku zama wawaye ba. Mutumin da aka yi wa maraba, aka ba shi ruwa, aka tambaye shi masaukinsa ya kama kame-kame, aka ce a je wurin mai gari ya ƙi, sai tambayar wa ya sayar da sa, wa ya dawo daga ci-rani, ina jami'an tsaro ke kwana, wannan ya bayyana kansa. Ku sanar da mai gari, shi ya sanar da hukuma. Kada hannun ɗayanku ya taɓa shi. Tambayar ce ke tace mutane, kuma mai gaskiya daɗinta yake ji, don ta nuna masa akwai masu gari. Wannan ya haɗa da Bafulatanin da ya shigo kasuwa da akuyarsa. A da Sallah ba ta cika sai 'yan matan Fulani sun shigo da ƙoren nono, samarinsu sun yi sharo muna kallo. Akwai ɓarayi a daji, haka ne. Akwai kuma makiyayan da ɓarayin suka kwashe wa shanu, sannan suka zo gari aka kore su da kallo. Kada ku haɗa su a ma'auni guda.

Baƙin da suka fi ba ni tausayi a Sallar nan ba su zo kallo ba. Ku shiga Anka ku ga mutanen da aka kora daga ƙauyukansu, har filin da ake gina sabuwar fadar Sarki ya zama matsugunin wasunsu. Magidanta ne masu rumbuna da shanun huɗa a da. Ranar Sallah ita ce mafi nauyi a gare su, domin kowa na da gidan da zai je gaisuwa ban da su. In akwai irinsu a unguwarku, zakkar fidda kai ta fara isa gare su, kuma ku kai da kwana ɗaya ko biyu kafin idi, don matar gida ta sami damar surfe da niƙa. Ku aika 'ya'yanku su kira nasu a tafi yawon Sallah tare. Haka malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti da ɗan bautar ƙasa da ba su sami zuwa gida ba, ko Musulmi ne ko Kirista, a kai musu kwano.

Tun da aka ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Disambar 2024, sababbin fuskoki za su ƙaru a yankin nan, daga wasu jihohi da Nijar da Burkina Faso. Duk wanda ya ba ɗayansu ɗaki ya zama mai masaukinsa, kuma aikin mai masauki bai tsaya ga tabarma da tuwo ba. Ka kai shi wurin mai gari. Ka gaya masa dokar garin nan, wadda muka saya da rayukan 'ya'yanmu: ba a shigo da dutse cikin gida, ba a niƙa shi a injin hatsi, wanda ya taso daga aiki ya yi wanka ya sauya tufafi a can kafin ya ɗauki yaro. Ka nuna masa inda aka binne tsohuwar ƙasar, ka ce ba a haƙa wurin, ba a ɗibar ƙasar gini a can. In ya ƙi ji, ka koma wurin mai gari ka ce ka sauke nauyinsa, a san abin da za a yi. In ya ji, ka tafi da shi idi a sahunku. Allah Ya kai mu Sallah lafiya, Ya dawo da matafiyanku gida lafiya.